Launin da ke Ƙarƙashin Baƙin Mai

Na kwance murfin injin, na naɗe shi a buhun siminti,
na hau keke daga Unguwar Sanusi zuwa Panteka.
Shekara tara Fijon Baba tana bayan gida,
kaji sun yi ƙwai a kujerarta,
gwanda ta tsiro a gindin tayar da ta sace.

Ɗantala mai fenti bai ko ɗago kai ba.
"Wane launi?"
Na ce irin na da.
Ya yi dariya har haƙorin Makka ya bayyana:
"Da ɗin wa? Ai kowa da nasa da."

Ya ɗiga kananzir a tsumma, ya murza gefen murfin.
Baƙin mai ya ja da baya
kamar kogin Kaduna in rani ya tona duwatsunsa,
sai ga shi, ba shuɗi ba, ba ruwan toka ba,
launin sama ne ran da hadari ya taso daga Kujama
ya tsaya, ya fasa zubowa.

Na kai hannu kan gwangwanin da ya fi sauƙin kuɗi.
Ya doke min yatsu.
"Wannan na ƙofar shago ne.
Inji da wuta a cikinsa yake tafiya;
kafin ka kai Kawo ya yi bororo,
kafin Mararraba ya saɓule kamar saɓar maciji.
Araha ba ta ado, yaro.
Ɗauki mai jure zafi, ka yi kuka sau ɗaya."

Ya shiga jibga min kaya a kan benci:
burushin waya, sanfefa mai kaushi,
da wata mai laushi kamar harshen kyanwa,
tina rabin galan, fentin shimfiɗa, salatif.
Idona na kan bindigar feshi da ke rataye,
tana ƙyalli kamar kayan lefe.
"Kana da kwamfuresa?" Babu.
"Wuta fa, tana kwana a layinku?"
Duk rumfar aka kwashe da dariya, har mai shayi.
Na haƙura da gwangwanin feshi huɗu.

Da ya ɗora takunkumi a kai, na ce a bar shi,
Baba bai taɓa sawa ba.
Sai a nan ya dube ni sosai.
"Kai ɗan Barau ne, na Kakuri?
Tun daga bakin kasuwa nakan ji tarinsa.
Saka. Ba na karɓar kuɗin wannan."

Kwana uku ban taɓa fenti ba.
Wanki, kankara, wanki.
Fenti ba ya rufa wa tsatsa asiri,
ajiye ta yake yi sai ranar da baƙi suka zo.
Na toshe kowace kafa da tsohuwar jarida,
na naɗe wayoyi, na rufe ramukan fulogi,
farcena ya yi baƙi, Inna ta hana ni sa hannu a kwano.

Ran Laraba da hantsi,
can ƙasa, bayan inda sitata ke zama,
inda ido ba ya kaiwa sai an durƙusa,
burushi ya tsaya min.
Shatin babban yatsa ne a cikin tsohon fenti,
zane-zanensa duk a fili,
har da tabon nan da fankon janareta ya yi masa.
Bai jira ya bushe ba ke nan.
Shi da ke cewa gaggawa aikin Shaiɗan.

Na ɗora nawa a kai. Ya fi nawa faɗi.

Na yanki salatif daidai kwabo, na manna a wurin,
na girgiza gwangwani har ƙwallon ciki ya gaji da kuka,
na ja baya taƙi guda,
na fesa sama-sama, kamar yayyafin farko.
Inna tana taga da carbi.
Ta ce launin bai yi daidai ba, nasa ya fi duhu.
Na ce bari ya bushe.